Alfred Adler, likitan da ya nemi maganin damuwa a cikin jama'a

Mai karatu, akwai ciwon da ba a ganinsa a jiki, kamar damuwa da tsoro da raina kai. Ga tarihin wani likita da ya ƙare rayuwarsa wajen neman maganin irin wannan ciwo.

An haifi Alfred Adler a shekara ta 1870, kusa da birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Tun yana ƙarami ƙasusuwansa ba su da ƙarfi. Ƙanensa ya rasu a gefensa, shi ma ciwon huhu ya kusa kashe shi. Wannan ya sa ya ƙudura zama likita, kuma ya samu takardarsa a 1895. A 1898 ya rubuta ɗan littafi a kan lafiyar teloli, inda ya nuna yadda talauci da mummunan wurin aiki ke haddasa cuta.

A 1902 ya shiga ƙungiyar Sigmund Freud, mashahurin likitan tunani. Freud yakan kwantar da majinyaci, a yi ta tonon abin da ya wuce har tsawon lokaci. Adler bai gamsu ba, suka rabu a 1911.

Ga abin da ya koyar. Kowane yaro yana tasowa da jin cewa bai kai manya ba. Wannan ji yana iya tura shi ya yi ƙoƙari, yana kuma iya karya masa zuciya ya janye daga mutane. Sannan duk halin da mutum ya nuna yana da manufa, ko da shi kansa bai sani ba. Saboda haka Adler yakan zauna fuska da fuska da majinyaci. Yakan tambaye shi abin da zai yi da a ce ya warke yau. Amsar takan nuna abin da mutumin yake gudu: aiki ne, ko zama da jama'a, ko aure. Daga nan sai su tsai da buri ɗaya, likita yana ƙarfafa masa gwiwa, ba tare da an ɗauki shekaru ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya buɗe wuraren ba da shawara a kan tarbiyyar yara a Biyana. A can ana tattauna matsalar yaro a gaban iyaye da malaman makaranta, domin kowa ya koya, kuma iyali su ga cewa ba su kaɗai ke fama ba. Almajirinsa Rudolf Dreikurs ya ci gaba da haɗa majinyata rukuni rukuni.

A 1934 gwamnatin Ostiriya ta rufe waɗannan wurare. Adler ya ci gaba da koyarwa a Amurka. Ya rasu a 1937 a birnin Aberdeen na Sikotland, inda ya je ba da lacca.

Mai karatu, idan damuwa ta dame ka, kada ka ɓoye ta. Zaɓi abu ɗaya da kake son gyarawa, ka faɗa wa mutanen da ka amince da su. Idan ta hana ka barci ko aiki, ka je ka ga likita.