Agabba, Tushen Sarautar Adar

Jama'a, duk mai cin kasuwar Tawa ko ta Badagishiri ya san sunan Sarkin Adar. To, yau mun waiwayi tushen sarautar. Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ne. A 1674 ya ƙwace Adar daga hannun Kabawa, Abzinawa suka samu iko da hanyar fatake zuwa kudu. Ya gaji mahaifinsa a 1687, amma a 1721 ɗan'uwansa ya tuɓe shi. Sai ya komo Birnin Adar, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1738. Zuriyarsa ke riƙe da sarautar Illela. Ƙasar da ya ci da ƙuruciya ita ta rufa masa asiri da tsufa. 'Yan kasuwa, mu riƙa ajiye na gobe.