Janar Murtala da Ƙetaren Kwara: Babin da Ba a Cika Karantawa Ba

Duk wanda ya fito daga Gyadi-Gyadi ya nufi unguwar Hausawa a ƙaramar hukumar Tarauni zai wuce Masallacin Murtala, inda aka binne Janar Murtala Ramat Muhammad. Jama'a sun fi tuna shi da mulkin da ya yi na wata shida da 'yan kwanaki, da hotonsa a takardar naira ashirin. Tsofaffin sojoji kuwa, da an ambaci sunansa, bakin kogin Kwara ne ke faɗo musu a rai.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Gwamnati ta Zariya, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, ya ƙware a sashen sadarwa, ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Yana cikin jagororin juyin mulkin Yulin 1966.

Da dakarun Biyafara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma a Agustan 1967 har suka kai Ore, sai aka ɗora masa Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa. Kafin ƙarshen Satumba ya ƙwato Binin, farkon Oktoba ya isa Asaba. A garin ne sojojin rundunar suka kashe fararen hula masu yawa ranar 7 ga wata, tabon da bai goge ba har yau.

Anaca na tsallaken ruwa, ana hango ta, amma 'yan Biyafara sun karya gadar. Hedikwatar soja a Legas ta ba shi shawarar ya haura Idah ya ƙetare inda babu abokan gaba, ya sauko ta tudu. Murtala ya ƙi, domin a ganinsa jinkiri zai ba abokan gaba damar shiri. Ya zuba mayaƙa a jiragen fito, da yawansu 'yan Arewa da ba su iya iyo ba, suka doshi bakin bindiga. Kashin farko sun sauka har sun shiga gari, amma suka shagala da ganima, babbar kasuwar Anaca ta ƙone, agaji bai iso ba, aka mayar musu da martani aka tarwatsa su. Ya sake turawa karo na biyu da na uku, duk ba a dace ba. Wanda harsashi ya bari, ruwa ya ci, kuma gidaje da dama ba su ga gawar nasu ba. Jarumtarsa babu mai musu, amma a nan taurin kai ne ya rinjayi dabara.

Daga bisani ta Idah ɗin ya bi, ya kama Anaca a Maris 1968. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi wa ayarin kayan yaƙinsa kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone shi ƙurmus, ba da jimawa ba ya bar fagen daga.

Wannan hali na yanke hukunci nan take shi ya kawo gadon mulki a Yulin 1975. Ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da dubu goma, masu laifi da waɗanda tsautsayi ya rutsa da su, ya goyi bayan MPLA a Angola duk da matsin Amurka, ranar 3 ga Fabrairu, 1976 kuma ya mayar da jihohi 19, ya tsayar da Abuja ta zama sabon babban birni. Bayan kwana goma, ranar Juma'a, sojojin Laftanar Kanar Dimka suka harbe shi cikin cunkoson motoci a Ikoyi, yana da shekara 37.