Ferdinand de Saussure: shekara guda a ajin da ba nasa ba

An haifi Ferdinand de Saussure a birnin Janeba na ƙasar Suwis ranar 26 ga Nuwamba 1857, a gidan da binciken halittu ya zama gado. Kakan mahaifinsa, Horace-Bénédict, masanin duwatsu ne da ya hau ƙololuwar tsaunin Mont Blanc a 1787. Mahaifinsa Henri kuwa a nazarin ƙwari ya yi suna. Yaron da ya tashi a irin wannan gida, tun kafin ya buɗe baki an riga an zaɓa masa hanya.

Shi ko hankalinsa na wajen kalmomi. Yana wajen shekara 15 ya rubuta wata maƙala da ke ƙoƙarin mayar da kalmomin harsuna da dama zuwa ga ƴan saiwoyi kaɗan, ya miƙa wa Adolphe Pictet, dattijon masani kuma aminin gidansu. Aikin na ƙuruciya ne, kuma dattijon bai ɓoye masa haka ba, amma bai kashe masa gwiwa ba. A waɗannan shekarun ne, yana karatun Girkanci a makaranta, ya lura cewa wani wasalin a da ke cikin wasu kalmomi asalinsa baƙin n ne da ya zama cibiyar gaɓa. Ya ɗauka abu ne da kowa ya sani, ya wuce.

A 1875 ya shiga jami'ar Janeba don karanta sinadarai da fizik, bisa al'adar gida. Shekarar ba ta yi albarka ba. A 1876 iyayensa suka bar shi ya tafi Leipzig ta Jamus, cibiyar nazarin kwatanta harsunan Indiya da Turai a wancan zamani. Da isarsa ya tarar ana ta yabon Karl Brugmann saboda gano wannan n ɗin da shi ya hango tun yana ɗan makaranta. Abin ya daɗe yana yi masa ciwo.

A ƙarshen 1878, yana da shekara 21, ya fitar da littafi a kan tsarin wasulan tsohon harshen da waɗannan harsuna suka fito daga gare shi. A ciki ya kafa hujja cewa lalle akwai wasu sautuka da suka ɓace, ko da yake babu harshe ɗaya sananne da ya adana su; tsarin wasulan ne kaɗai ya nuna masa gurbinsu. Manyan malaman Jamus ba su yi marhabin da aikin ba.

Daga 1881 ya koyar shekara goma a Paris, inda Antoine Meillet ya zauna a gabansa, sannan ya koma Janeba a 1891. Rubutu ya zame masa nauyi, yakan fara ya ajiye; baiwarsa a bakin allo take. Darussa uku da ya bayar tsakanin 1907 da 1911 ga ƴan ɗalibai ƙalilan su ne Charles Bally da Albert Sechehaye suka tattara daga littattafan ɗaliban, suka buga a 1916 da sunan Cours de linguistique générale, shekara uku bayan rasuwarsa.

A 1927 Jerzy Kuryłowicz ya nuna cewa harshen Hitti, wanda ba a warware rubutunsa ba sai a 1915, yana ɗauke da wani baƙi a wasu daga cikin guraben da saurayin na Leipzig ya ce akwai sautin da ya ɓace.