Shackleton, Madugun Da Bai Ya Da Ayarinsa Ba

A cikin mutanen da mu kan gamu da sunayensu a darasin labarin ƙasa akwai wani Bature, Ernest Shackleton, wanda na ke so in ba 'yan'uwana labarinsa. Sau uku ya tasam ma babban abu a ƙarshen duniya ta kudu, sau ukun kuwa bai sami abin da ya tafi nema ba. Duk da haka har yau ana ambatonsa da girmamawa, ni kuma ina ganin dalilin wannan ya shafe mu, mu da mu ke koyon aikin malanta.

An haife shi a ƙasar Ayalan ran 15 ga Fabrairu, 1874. Yana ɗan shekara 10 ubansa, wanda ya ke likita ne, ya ƙaura da iyalinsa zuwa Landan. Karatun aji bai dami yaron ba, hankalinsa na kan teku. Da ya kai shekara 16 sai ya bar makaranta ya shiga aikin jirgin ruwa na fatake, ya yi ta hawa daga ƙaramin ma'aikaci har a 1898 ya sami takardar shaidar iya shugabantar jirgi.

Ƙasar da ta ja zuciyarsa ita ce Antatika. Ƙasa ce babba, ta fi Turai girma, ƙanƙara ta lulluɓe ta, ba gari, ba gona, ba itace. Sanyin hunturunmu in an gwada shi da na can wasan yara ne. A tsakiyarta ne cibiyar kudu ta ke, wurin da a zamanin nan ba mahalukin da ya taɓa takawa. A 1902 Shackleton ya bi Kyaftin Scott suka doshi wurin, yunwa da ciwo suka komo da su, har shi aka mai da shi gida don rashin lafiya. A 1907 ya shirya tasa tafiyar. Ran 9 ga Janairu, 1909, shi da abokansa uku suka kai inda saura mil 112 kaɗai su isa. Ya duba guzuri, ya ga in sun ci gaba za su isa, amma ba mai komowa da rai. Sai ya juya. Bayan shekara uku Amundsen, mutumin Norwe, ya taka cibiyar a Disamba 1911. Scott ya isa bayansa, ya mutu a hanyar dawowa tare da mutanensa huɗu.

Da aka riga shi wannan, sai ya ƙudura zai ratsa ƙasar duka daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya sayi jirgi ya sa masa suna Endurance, watau Jimiri. Suka tashi daga Ingila a watan Agusta 1914, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Suka ya da zango a tsibirin Jojiya ta Kudu, inda mutanen Norwe ke da ma'aikatun sarrafa man manyan kifayen teku, sa'an nan suka yi kudu ran 5 ga Disamba, su 28 da karnuka fiye da 60 masu jan kaya. A watan Janairu 1915, tun ba su kai gaɓa ba, teku ta daskare ta riƙe jirgin kam, ba gaba ba baya.

To, a nan ne halin mutumin ya fara bayyana. Wata tara suka yi cikin jirgin da ba ya motsi, daga watan Mayu kuma rana ta faɗi ba ta sake fitowa ba sai ƙarshen Yuli. Shackleton ya san zaman banza cikin duhu ya fi sanyi haɗari. Saboda haka ya yanka wa kowa aiki, ya tsai da lokacin cin abinci da na barci. Likita da masanin kimiyya su kan durƙusa su wanke daɓen jirgi tare da ƙananan ma'aikata. Aka raba karnuka ƙungiya ƙungiya ana tsere da su, aka share fili bisa ƙanƙara ana buga ƙwallo. Da dare mai ɗaukar hoto ya nuna musu majigi, wani kuma ya kaɗa musu molonsa irin na Turawa.

Ƙanƙara ta yi ta matsar jirgin har katakansa suka fara karyewa. Ran 27 ga Oktoba, 1915, ya ba da umurni a fita, ran 21 ga Nuwamba jirgin ya nutse suna kallo. Ya ce kowa ya ɗauki kayan kansa da bai wuce laba 2 ba, shi ya fara zub da kuɗinsa na zinariya a kan ƙanƙara don kowa ya gani. Amma molon nan, ko da ya ke ya fi laba 2 nesa, ya sa aka tafi da shi. Da aka zo rabon tanti kuma, masu yawan gunaguni ya jawo cikin nasa, don kada su ɓata zuciyar saura.

Wata biyar da 'yan kai suka zauna bisa ƙanƙara mai yawo a kan teku. Abincinsu naman fengwin, wani tsuntsu da ba ya tashi, ya kan yi tafiya a tsaye kamar mutum, da naman sil, wata dabbar ruwa mai kama da ayu. Kitsenta shi ne itacen girkinsu, shi ne man fitilarsu. Da abinci ya yi wuya, ala tilas aka harbe karnukan. Ran 9 ga Afrilu, 1916, ƙanƙarar ta tsage, suka faɗa kwalekwale uku da suka ceto daga jirgin. Bayan kwana shida na ƙishirwa da rashin barci suka sauka a Tsibirin Giwa, wani dutse tsirara inda ba kowa sai tsuntsaye da dabbobin ruwa. Rabonsu da taka ƙasa kwana 497 ke nan.

Ba jirgin da ke bi ta nan, ba wanda ya san inda su ke. Shackleton ya ga ba dabara sai a koma Jojiya ta Kudu, tafiyar kamar mil 800 cikin tekun da ta fi kowace hauka. Kafinta ya yi wa kwalekwale ɗaya rufi da katako da tamfol, tsawonsa ƙafa 22 da rabi. Ran 24 ga Afrilu ya shiga da mutum biyar, ya bar 22 a hannun mataimakinsa Frank Wild. Kyaftin Worsley, mai duba hanya, sau huɗu kaɗai ya sami ganin rana ya yi awo. Da ya kuskure tsibirin, da sun bi teku ke nan har abada. Ran 10 ga Mayu suka isa, amma ta gefen da ba mutane.

Tsakaninsu da ma'aikatar akwai duwatsu masu ƙanƙara waɗanda ba wanda ya taɓa ƙetarewa. Ya bar uku a bakin gaɓa, ya ɗauki Worsley da Tom Crean, da igiya da gizagon kafinta, aka kafa musu ƙusoshi a ƙasan takalma. Awa 36 suna tafiya. Da gajiya ta kā da abokansa ya bar su suka yi barcin minti biyar, shi yana zaune ido biyu, don ya san in duka suka runtsa ba mai farkawa. Ran 20 ga Mayu suka shiga Stromness, baƙi ƙirin da hayaƙin kitse, har yara suka gan su suka gudu.

Bai zauna hutawa ba. Sau uku ya nufi Tsibirin Giwa ƙanƙara na tare shi. A karo na huɗu gwamnatin Cile ta ba shi aron ƙaramin jirgi, ya isa ran 30 ga Agusta, 1916. Ya tarar da mutum 22 ɗin nan duka da rai, sun yi wata huɗu a ƙarƙashin kwalekwale biyu da suka kife suka mai da su ɗaki. Sai dai tafiyar ba ta ƙare ba hasara: cikin ƙungiya ta biyu da ya aika ɗaya gefen ƙasar don ajiye masa guzuri, mutum uku sun mutu.

A 1921 ya sake fita, amma ran 5 ga Janairu, 1922, ciwon zuciya ya kashe shi cikin jirginsa a Jojiya ta Kudu, yana da shekara 47. Matarsa ta ce a binne shi can. Yanzu jiragen masu yawon buɗe ido su kan tsaya a Grytviken, mutane su sauka su ziyarci kabarinsa, su ratsa tsakanin fengwin da sil. Shi kuwa Endurance an gano shi ran 5 ga Maris, 2022, a zurfin mita 3,008, sunansa na nan raɗau a jikinsa.

Ba da daɗewa ba kowannenmu za a danƙa masa aji, wataƙila a ƙauyen da ba isassun littattafai, ba mai leƙo shi. Abin da na ɗauka daga mutumin nan shi ne ya fi son mutanensa da sunan kansa. Ya ci abin da suka ci, ya jawo mai wuyar hali kusa da shi, ya ƙirga su ɗaya ɗaya har ya kai su gida. In muka riƙe yaran da aka ba mu amana haka, ba mu ya da ko na ƙarshen aji ba, to, mun yi aikin da aka aiko mu.