Waliyiya Josephine Bakhita, Baiwar da Ta Yafe

Kowace ranar 8 ga Fabrairu Ikilisiya takan tuna da Waliyiya Josephine Bakhita. An haife ta a Darfur ta ƙasar Sudan wajen shekara ta 1869. Tana ƙaramar yarinya masu fataucin bayi suka sace ta, aka yi ta sayar da ita. Tsananin azaba ya mantar da ita sunanta na yanka, suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a.

A 1885 aka kai ta Italiya, inda kotu ta tabbatar da 'yancinta a 1889. Ta karɓi baftisma a 1890, ta ɗauki alkawarin zama Sista a 1896. A garin Schio ta shafe shekaru tana girki da tsaron ƙofa, tana tarbar kowa da fara'a. Kamar yadda Yusufu ya yi wa 'yan'uwansa a Masar, ta yafe wa waɗanda suka sayar da ita. Ta rasu a 1947, aka ayyana ta waliyiya a 2000.

Mu fa, da rigimar gona ko bashi kan hana mu gaisawa bayan Misa, wace hujja gare mu? Ubangiji ya ba mu zuciyar yafewa. Amin.