Likita Mila da Isawan Gimi

Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila, ya shafe fiye da shekaru hamsin yana hulɗa da ƙasar Hausa. An fi tunawa da shi a kan fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, amma abin da ya fi girgiza rayuwarsa ya faru ne a Gimi, wani ƙauye a ƙasar Makarfi, wanda ba shi da nisa sosai da garuruwan kudancin Kano irin su Kiru da Burumburum.

An haife shi a Ingila a shekarar 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke London. Bayan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, sai ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata.

A shekarar 1900 ya shiga ayarin Bishop Tugwell da ya iso Kano ba tare da gayyata ba. Sarkin Kano Alu ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu. A 1905 ne Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Shekaru suka yi ta tafiya, waɗanda suka bi addininsa a birnin ba su taka kara sun karya ba.

Isawa

Tun kafin zuwan Turawa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa, alaihissalam. Hukumomin Kano sun ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga addini, aka kuma kashe shi a kasuwar birnin wajen shekarar 1867.

Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da ƙauyukan da ke kan iyakokin Kano da Zazzau da Bauchi. Sun yi kusan shekaru hamsin suna riƙe da aƙidarsu a ɓoye, da tabon kisan malaminsu a zuci, suna kuma jiran wasu da za su zo musu da cikakken labarin Annabi Isa.

A 1913 wasu daga cikinsu suka je wurin Miller a Zariya. A ganinsa wannan shi ne sakamakon haƙurin da ya yi, su kuwa da damansu sun ɗauka cewa jiran da suka gada daga iyayensu ne ya zo ƙarshe. Aka samar musu fili a Gimi, iyalai suka taru daga wurare daban-daban, har yawansu ya haura mutum ɗari. Wani limamin coci baƙar fata daga yankin Karibiyan, W. A. Thompson, shi ya jagoranci ƙauyen. Suka gina coci da makaranta, suka yi noman rake suna matse shi, aka kuma riƙa tura yara makarantar Miller a Zariya.

Annoba

Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, kurmin da ke bakin rafin yankin matattara ce ta ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen. Cuta ce mai farawa da zazzaɓi da kumburin wuya, daga nan ta taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana yana ramewa har rai ya yi halinsa. A lokacin babu wani magani mai inganci da ke hannun mishan ɗin.

Manya da yara suka yi ta mutuwa, har da ɗaliban da aka riga aka kai Zariya da cutar a jikinsu. Miller likita ne, kuma da hannunsa a tara mutanen a wurin, don haka ba ƙaramin nauyi ba ne ya hau kansa. Daga bisani aka tashi daga Gimi baki ɗaya.

Jama'ar da ta ga an kashe malaminta, sannan ta binne 'ya'yanta a wurin da ta ɗauka mafaka ce, ba za a yi mamaki ba in ta watse. Wasu kam sun koma inda suka fito. Amma akwai waɗanda suka tsaya a kan sabon addininsu, suka ɗauki abin a matsayin jarrabawa, suka kuma mayar da hankali ga karatun yaran da suka tsira.

Wusasa

Zaman Miller a birnin Zariya bai kasance na lumana ba. Mutum ne mai kaifin harshe a kan sarakuna, ya yi ta sa-in-sa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka kai ga sauke sarkin da kai shi Lakwaja. Musulmi da dama sun riƙe shi da wannan, haka su ma jami'an mulkin mallaka sun gaji da shi. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a bayan gari.

A can ne ragowar mutanen Gimi suka zama ginshiƙin al'ummar Hausawa Kirista. Daga zuriyar Isawa aka samu Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Makarantar mishan ɗin ce kuma ta yaye Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi.

An buga fassarar Littafi Mai Tsarki da Miller ya jagoranta a 1932. Ya ajiye aikin mishan a 1935, ya zauna a Kano, daga baya ya koma yankin Jos yana koyarwa da rubuce-rubuce. Bai taɓa aure ba, yaran da ya rena su ne iyalinsa. Ya mutu a 1952 yana da shekaru 80.