Mary Slessor, Uwar Yasassu a Ƙasar Kalaba

Sau da yawa muna tsammani sadaukar da kai abu ne na babbar rana, wadda mai yiwuwa ba za ta zo mana ba har mu mutu. Labarin Mary Slessor yana koya mana ba haka ba ne. Sadaukarwarta ta kullum ce, a kan abinci da barci da wurin kwana.

An haife ta a Abadin, cikin ƙasar Sikotland, a shekara ta 1848. Ubanta mai ɗinkin takalma ne, amma giya ta cinye shi. Da suka koma garin Dandi a 1859, sai ta shiga aikin masaƙa tana da shekara goma sha ɗaya. Da ta kai sha huɗu, tana aiki daga ƙarfe shida na safe har shida na yamma, kuɗin kuwa na ciyar da gida ne. A nan ta fara koyon ɗaukar nawayar waɗansu, tun ba ta ga Afirka ba.

A 1876 ta shiga jirgin ruwa zuwa Kalaba, inda mishan ya riga ya yi shekara talatin yana aiki. Ta koyi harshen Efik har ya zauna a bakinta. Ta bar abincin Turawa mai tsada, tana cin na ƙasa, domin ta rage kuɗi daga albashinta ta aika wa uwarta da ƙanwarta.

A wancan zamani mutanen wurin suna tsoron tagwaye ƙwarai. Mu da muke murna in an haifi tagwaye, abin zai ba mu mamaki. Su a ganinsu ɗaya daga cikin biyun ɗan aljani ne, da yake kuwa ba a san ko wanne ba, sai a hallaka su duka ko a yashe su a daji, a kori uwar daga gari. Masu bishara da suka riga ta sun yi ta faɗa da wannan al'ada. Mary kuwa ba ta tsaya ga wa'azi kaɗai ba. In ta ji labari, ko da tsakar dare, sai ta tashi ta ɗauko jariran ta kawo ɗakinta. Ita ce mai yi musu wanka, ita ce mai ba su abinci, ita ce mai hana idonta barci in suna masassara. Waɗansu sun mutu a hannunta, waɗansu sun girma suna kiranta Ma. Mutanen gari suka zuba ido su ga masifar da za ta faɗa wa gidan, ba su gani ba. Wannan ya karya tsoronsu fiye da dogon jawabi.

A 1888 ta ƙaura zuwa Okoyong, inda ake kashe bayi da mata a jana'izar manya, ake kuma ba wanda aka zarga da maita wake mai dafi, kamar shan gwaska. Ta zauna a ɗakin laka a tsakiyarsu wajen shekara goma sha biyar. Ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ma Eme, 'yar'uwar sarkin Ekenge, takan ba ta labari a ɓoye in ana shirin zub da jini. A 1892 Gwamnati ta ba ta ikon shari'a a kotun ƙasar, gama mutane sun amince da ita.

Akwai kuma abin da ta bari wanda ya fi abinci zafi. Ta yi alkawarin aure da wani malamin mishan, Charles Morrison, amma ba a yarda ya zo Okoyong ba, ita kuma ta ƙi barin mutanenta, auren bai yiwu ba. Sa'anda agana ta faɗa wa ƙasar a 1896, ta yi ta yi wa mutane lamba, ta mai da gidanta na Ekenge asibiti. Da sarki Edem ya mutu, jama'a duk sun gudu, ita ce ta haɗa akwati ta haƙa kabari ta binne shi.

Zazzaɓi da sanyin ƙashi suka raunana ta, har sai an tura ta a keke, duk da haka ta ci gaba zuwa wajen Itu. Ta rasu a ƙauyen Use ran 13 ga Janairu, 1915, aka binne ta a Kalaba.

To, 'yan'uwa, yau ba a yar da tagwaye a cikinmu, amma yasassu ba su ƙare ba. Akwai maraya da dangi ke tura wa juna, da gwauruwa wadda rumbunta ya ƙare tun kafin damina, da mara lafiya wanda kowa ke ƙyama. Cikin Matta sura 25 Ubangijinmu ya nuna cewa abin da muka yi wa irin waɗannan, shi muka yi wa. Mary ba ta da dukiya, sai ɗaki ɗaya da tukunya ɗaya, ta kuwa buɗe su. Mu ma muna da su. Bari kowannenmu ya dubi ƙofar maƙwabcinsa a wannan mako, kada ya jira babbar rana. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.